Dalma, mazubi da kan harsashi: tambayoyin da aka yi mini a Agege

Ƙanena yana sana'ar gwangwan a Agege, a Legas. Ran nan muna zaune wurin mai shayi bayan isha'i sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, dubi wannan." Bidiyon wani dattijo ne Ba'amurke a garejin gidansa, yana ɗibar narkakkiyar dalma da ɗan ludayi yana zubawa cikin wani ƙarfe mai maƙata, ya buɗe, kawunan harsashi su zubo kan tawul suna ƙyalli. Kafin shayi ya huce tambayoyi sun taru, daga shi da abokan sana'arsa. Na ga ya dace in rubuta amsoshin, domin mutanen da ke taɓa dalma kullum su ne suka fi cancantar sanin inda maganar ta dosa.

Shin harsashi ne sukutum mutumin yake zubawa?

A'a, kan kawai yake zubawa. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushin da ke ciki, ɗan abin da ke gindin kwanso wanda ke kama wuta idan an ja kunama, sai kan da ke fita ta bakin bindiga. Mazubin kuwa ƙarfe ne gida biyu, an sassaƙa siffar kan harsashin a tsakaninsu, rabi nan rabi can. Kamfanoni irin su Lyman da Lee da RCBS ne ke ƙera su a Amurka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunya ya san dabarar, sai dai su cikin yashi suke zubawa. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Selsiyos, kusan rabin zafin da sanholon tukunya ke bukata.

Me ya sa masu zuba kan harsashi suke ta muhawara kan siffarsa? Ba duk dalma ba ce?

Nan ne ainihin ilimin yake. A libarba, mai harbi ne ke cusa kowane harsashi a raminsa da hannunsa, kuma a nan yake zaune har a harba shi. Ko kansa zagayayye ne ko shafaffe, babu ruwan bindigar.

Fistol mai ɗora wa kanta harsashi ba haka take ba. Harsasan suna jere cikin gidansu a mariƙin bindigar, ƙasa da bututu. Da an harba, ƙarfen saman ya ja baya ya tofar da kwanson, ya dawo gaba ya turo na gaba. Wannan harsashin dole ya hau wani ɗan tudu mai santsi, ya miƙe, ya shige gindin bututu, duk cikin ƙiftawar ido, ba hannun da ke daidaita shi.

Ku tuna mai baro a kasuwar Mile 12 yana tura kaya kan katakon da aka jingina a bayan mota. Tayar baro zagayayya ce, tana taɓa katakon ta hau. A ba shi akwati mai kusurwa ya tura kan katakon nan, gefen akwatin zai ci itacen ya tsaya cak. Haka kan harsashi mai faɗin goshi ko mai kafaɗa mai kaifi yake yi: ya doki tudun ta inda bai kamata ba, bindiga ta cije. Dalma kuma tana da laushi. Harsashin kamfani an yi masa riga ta jan ƙarfe mai santsi, yana zamewa. Tsurar dalma kuwa tana iya lotsewa ta kama.

To wace siffa suka fi yarda da ita?

Mai zagayayyen kai kamar ƙwai, domin yawancin waɗannan bindigogi a kanta aka tsara su. Fistol ɗin da John Browning ya ƙera, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1911, da irin wannan harsashin aka yi ta, nauyin kansa kusan giram 15. Sai mai kai kamar mazurari da aka datse tsininsa, wanda shi ne siffar farko ta harsashin milimita 9 da Georg Luger ya fito da shi a Jamus a farkon ƙarni na 20.

Amma masu gasar harbin takarda suna son kafaɗa mai kaifi, saboda tana huda rami tsaf kamar an yanke da almakashi, alƙalin gasa ya ƙirga maki babu gardama. Wani kamfani mai suna Hensley & Gibbs ya yi suna da mazubinsa mai lamba 68 saboda ya haɗa biyun: kafaɗar tana nan, amma hancin yana taɓa tudun a daidai inda zagayayyen kai zai taɓa. Ni dai wannan ya burge ni, aikin maƙeri ne da ya zauna ya lura. Duk da haka kowace bindiga da halinta, kuma kamfanin Glock ma gargaɗi yake yi kada a harba tsurar dalma a bindigoginsa, saboda tana taruwa a cikin bututun.

Me ya hana su saya a shago?

Araha. Mai gasa yana harba dubban harsasai a shekara. Dokar tarayyar Amurka kuma ta bar mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Sai in zai sayar ne ake neman lasisi.

Mu fa a Najeriya?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Dattijon bidiyon yana cikin dokar ƙasarsa. Wanda ya kwaikwaye shi a Agege ko Alaba Rago ko Idi Araba ya faɗa hannun hukuma. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko harsashi, haɗa su, har ma gyaransu, dokar ta keɓe wa wuraren da gwamnati ta amince. Hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Masana'antar da aka kafa domin wannan aiki ita ce DICON da ke Kaduna, tun 1964.

Kada wani ya ce ai kan ne kawai, ba albarushi. Ɗan sandan da ya shigo rumfarka ya tarar da mazubin harsashi kusa da tulin dalma ba zai zauna sauraron darasin da na yi a sama ba. Mu kuma baƙi ne a garin nan. Abin da mutum ɗaya ya yi, rumfunan 'yan'uwansa ɗari ake rushewa a kai.

Mafarauta masu bindigar toka fa?

Ita ajinta daban a dokar, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da lasisinta. Bindigar farauta ta bature kuma sai Sufeto Janar. Babu ɗayansu da ya ba mutum damar zuba harsashin fistol.

Idan wani ya zo sayen dalma a wurina, in hana shi?

Dalma tana da halastattun ayyuka da yawa. Masu batir suna bukatarta, masunta suna ɗaura ta a bakin koma don ta nitse, masu gyaran lagireto suna liƙi da ita. Waɗannan kun san su, kun san inda suke kai ta. Baƙon da ya zo yana neman 'yar kaɗan a ɓoye, yana tambayar wanda zai sassaƙa masa ƙarfe mai rami, a sallame shi, a kuma sanar da shugaban kasuwa.

Ita dalmar kanta tana cutarwa? Mun daɗe muna taɓa ta ba mu ga komai ba.

Da wani ya faɗi haka a wurin mai shayi, gabana ya faɗi. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinari mai dalma a cikin gidaje. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi hannun yara zuwa bakinsu. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

Babba yana iya shekaru da ciwon ciki, ciwon kai, kasala da hawan jini bai san daga ina ba. Yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa take taɓawa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Tokar da ke tasowa saman narkakkiyar dalma da ƙurar fasa batir su ne suka fi shiga jiki. Ɗigon ruwa ɗaya kuma idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, sai ta fantsamo fuska.

Na tambayi ƙanena ina yake ajiye kayan aikinsa in ya tashi. Ya ce da su yake komawa gida, 'yarsa mai shekara 2 kuma tun daga ƙofa take rungume ƙafarsa. Yanzu yana barin kayan a rumfa, yana wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya daina fasa batir kusa da inda ake girki. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna yawan dalmar da ke jikin yaro, don haka mun shirya ranar Litinin mu kai ta asibiti tare da mahaifiyarta.