Waiwaye: Inda gardamar "kanon" ta masoya Star Wars ta samo tushe

Tun da Thrawn, kwamandan nan mai shuɗiyar fata da jajayen idanu, ya bayyana a shirin Ahsoka a 2023, gardamar masoya Star Wars a Sakkwato ba ta lafa ba. A teburin mai shayi a Mabera, a ɗakunan ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har a shagunan masu tura fim a waya, magana ɗaya ake juyawa: wane labari ne "kanon", wato wanda aka amince ya faru a duniyar fim ɗin, wane ne kuma aka jingine? Sai ka ji yaro ya tare yayansa da cewa, "Yaya, wanga zance ba kanon na ba, ina kag gane shi cikin fim?" Yayan ya zaro waya, ya shiga nuna masa shafin wani littafi da ya girme su duka biyun. Yawancin masu wannan musu suna ɗauka a 2014 aka fara shi. Ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. George Lucas ya fitar da fim na farko a 1977, na biyu a 1980, na uku a 1983. A 1999 aka zo da midi-chlorian, wasu ƙwayoyin halitta a cikin jiki da ake auna ƙarfin Jedi, mayaƙan nan masu baiwa na fim ɗin, da su, aka yi ta cece-kuce. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin Lucas, a 2012 kan sama da dala biliyan 4, sannan a ranar 25 ga Afrilun 2014 aka sanar cewa tsofaffin littattafai da wasanni sun koma ƙarƙashin tambarin Legends, sababbin finafinai ba dole su bi su ba.

Shekarar da ba kasafai ake ambata ba ita ce 1987, kuma ni a wurina can maganar take. A lokacin kasuwar Star Wars ta yi sanyi. An daina ƙera 'yan tsanarsa a 1985, mujallar zane da Marvel ke bugawa ta tsaya a 1986, babu kuma labarin sabon fim. Sai wani ƙaramin kamfani a Amurka, West End Games, ya sami izinin yin wasan tebur da shi. Wasan kuwa haka yake: mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, wani ya zama mai ba da labari, a riƙa jefa ƙwaya irin ta ludo don a san wanda harbinsa ya samu da wanda ya kuskure.

To fim yana iya nuna maka dodo a lungun mashaya na daƙiƙa uku ya wuce abinsa, ba wanda zai tambaya. Wasa ba ya iya haka. Idan ɗan wasa ya ce shi wannan dodon yake so ya zama, dole a gaya masa sunan ƙabilarsa, duniyar da ya fito, ƙarfinsa, da abin da yake tsoro. Idan ya shiga jirgi, dole a san tsawonsa da gudunsa da yawan bindigoginsa. Don haka marubutan wasan, irin su Bill Slavicsek, suka zauna suna raɗa wa abubuwa suna. Dodon nan mai faffaɗan kai da masu 'yan tsana suke kira Hammerhead ya zama ɗan ƙabilar Ithorian. Greedo, koren da Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, ya harbe, ya zama Rodian. Masu dogayen jela biyu a ka suka zama Twi'lek. Hukumar leƙen asirin daular da jaruman fim ɗin ke yaƙa, ISB, daga nan ta fito. Har baƙaƙen Aurebesh da ake gani a allunan jirage, Stephen Crane ne ya tsara su don wannan kamfanin a farkon shekarun 1990. Babu ɗaya daga cikin sunayen ƙabilun nan da aka furta a finafinai ukun farko. Ba abin mamaki ba ne ma, domin ko kalmar Ewok, sunan ƙananan halittun nan masu gashi, ba wanda ya faɗe ta da baki a fim ɗin 1983.

Da abin ya tsaya a teburin wasa, da ba mu san da shi ba. Amma lokacin da aka ba Timothy Zahn aikin rubuta littafin Heir to the Empire, wanda ya fito a 1991 kuma ya haifi Thrawn, sai aka aika masa da littattafan wasan nan ya yi aiki da su. Marubutan da suka biyo bayansa suka ɗora a kai. Duk wanda ya yi karatun zaure a garin nan ya san matani, ya san sharhi, ya san hashiyar da ake rubutawa a gefen shafi. Abin da ya faru shi ne hashiya ta shige cikin matani, har mai karatu ya kasa rabe su. Sunan Coruscant, babban birnin daular, Zahn ne ya raɗa shi, aka kuma furta shi a fim ɗin 1999.

Ba laifin kowa nake nema a nan ba, marubutan wasan sun yi aikin da wasa ke bukata kuma sun iya. Sai dai sun bar wa masoya wata ɗabi'a: imanin cewa kowane abu da ya gilma a allo yana da suna na gaskiya da lamba ta gaskiya, kuma akwai littafin da za a buɗe a kashe musu. Da zarar an sa lamba kuwa, an buɗe ƙofar saɓani. Littattafan wasan sun ce Executor, babban jirgin Darth Vader, mugun fim ɗin, tsawonsa kilomita 8 ne. Masu auna hotunan fim suka ce ina, ya fi haka idan aka jera shi da ƙananan jiragen da ke gefensa masu mita 1,600. Aka shafe shekaru ana ja, daga baya aka tsayar da kilomita 19. Haka maganar Han Solo cewa ya yi tafiyar Kessel cikin ƙasa da fasek 12, alhali fasek ma'aunin nisa ne ba na lokaci ba: littattafai suka yi ta neman mafita, har fim ɗin Solo na 2018 ya nuna cewa gajeriyar hanya ya yanka.

Tarin ya yi yawan da a 2000 Lucasfilm ta buɗe rumbun bayanai mai suna Holocron, Leland Chee yana kula da shi, aka jera labarai hawa-hawa: na finafinai a sama, littattafai a ƙasa da su, waɗanda aka soke a can ƙarshe. Ke nan shekara 14 kafin sanarwar 2014 an riga an san cewa ba duka labaran ne daidai da juna ba.

Mu a nan ta ƙofar baya muka shigo. Da yawa daga samarinmu sun fara ne da The Mandalorian na 2019 ko wani bidiyon sharhi a YouTube, suka haddace Twi'lek da Sith, abokan gaban Jedi, kafin su ga fim ɗin 1977, shi ya sa idan ka ce musu ba a furta kalmar Sith a finafinai ukun farko ba sai su yi maka kallon mai zolaya. Ɓangarorin biyu kuma kowa na riƙe da rabin hujja. Mai cewa Legends ya mutu yana kallon Andor na 2022, wanda wani ɓangare na labarinsa a ofisoshin ISB yake gudana. Mai cewa an watsar da tsohon gado ya manta an dawo da Thrawn tun 2016 a shirin Rebels. Pablo Hidalgo ma, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗora wa kula da daidaiton sabon kanon a Lucasfilm, da rubuta littattafan wancan wasan tebur ɗin ya fara.