Kurkunun kare: me ake nufi da shi, kuma yaya ya sami mafaka a bakin ruwa?

Wanda aka haifa bayan shekarar 2000 a ƙasar Hausa, da wuya ya taɓa ganin kurkunu da idonsa, sai dai ya ji sunan a bakin tsofaffi. Ni na gani. Ina yaro kawuna ya yi kusan wata biyu a zaune kan tabarma a zaure, ƙafa ta kumbura suntum, wani farin abu kamar taliya ya leƙo ta ƙasan idon sawunsa. Kullum da safe sai a jiƙa wurin da ruwa, a ja abin a hankali, a naɗe a jikin tsinke. Abin da ke fitowa a yini bai wuce gaɓar yatsa ba. Da ya motsa sai kakata ta ce, "Yi haƙuri ɗan nan, in ya tsinke a ciki mun shiga uku." Daminar nan ciyawa ce ta cinye gonarsa.

Yanzu sunan ya dawo bakin ma'aikatan lafiya, amma da ƙari a jikinsa: kurkunun kare. Wasu na jin haka sai su ɗauka wata cuta ce ta karnuka da aka ara wa suna don ta yi kama da tamu. Ba haka ba ne. Tsutsar nan ce dai da ta kwantar da kawuna, wadda masana ke kira Dracunculus medinensis, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna wadda ake zarewa daga ƙafar kare da wadda ake zarewa daga ƙafar mutum iri ɗaya ce. Ma'anar kalmar ke nan: kurkunun mutane da ya shiga jikin kare, yake rayuwa a can, yake kuma iya dawowa kan mutum ta ruwan da suke tarayya a kai.

Sai an san yadda tsutsar ke yawo kafin a ga inda kare ya shigo. Mutanen da suna ɗauka jijiya ce ta mutu a jiki take neman hanyar fita, shi ya sa wasu kan kai ƙafar a yi mata sakiya. Alhali macen tsutsa ce, mai iya kai tsawon mita guda, cikinta cike da 'ya'ya. Idan lokacinta ya yi sai ta tayar da bororo a fata, galibi a ƙafa, mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Wanda wuta ke ci a ƙafa ba abin da yake nema sai ruwa. Yana tsoma ƙafar a kududdufi bororon ya fashe, tsutsar ta amayar da dubban ɗaruruwan 'ya'ya. A cikin ruwan akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, da ƙyar ido ke ganinsa, mai tsalle-tsalle kamar ƙuma. Shi ke haɗiye 'ya'yan, su yi kamar mako biyu a cikinsa su nuna. Duk wanda ya sha ruwan bai tace ba ya haɗiye ƙwaron da kayan cikinsa. Daga nan shiru, ba ciwo ba alama, sai bayan wata goma zuwa goma sha huɗu. Ba a da maganin sha da ke kashe tsutsar, ba a da allurar rigakafi, kuma wanda ya yi bana yana iya sake yi baɗi.

To, ka dubi kare a bakin tafki da tsakar rana a bazara. Harshe a waje, yana haki, ya nufi ruwa kai tsaye ya shiga har ƙirji, ya lallashe ruwa da harshe, ya kwanta a cikin laka don ya huce. Ba mai tace masa ruwa da ƙyalle. Idan akwai bororo a ƙafarsa, ba mai ce masa kada ya shiga. Kusan duk abin da aka yi aka ci ƙarfin kurkunu wa'azi ne da mutum ke ji ya bi: tace ruwanka, sha na rijiyar burtsatse, kada ka taka tafki da ciwo a ƙafa. Kare kuwa ba ya jin wa'azi.

Wa'azin ya yi aiki a kan mutane matuƙa. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar farko da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta gano sama da mutum 650,000, ba ƙasar da ta kai ta. Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana bin ƙauyuka a kan wannan magana. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Najeriya, a Disambar 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana ta biyo baya a 2015. A duk duniya mutum 13 kacal aka samu a 2022.

A Chadi abin ya juya. Ƙasar ta yi kusan shekara goma ba a ba da rahoton kowa ba, sai a 2010 cutar ta sake ɓulla, kuma ɓullar ta ɗaure wa masana kai. A da idan kurkunu ya shiga gari, rabin garin yake kwantarwa, don tafki ɗaya ake sha. Wannan karon mutum ɗaya nan, ɗaya can, a ƙauyuka masu nisa da juna a gaɓar kogin Shari. A 2012 aka lura da karnukan masunta suna ɗingishi da farin zare a ƙafa. Da aka fara ƙirga su sai ga lissafi ya kife: a 2019 karnukan da aka samu da kurkunu a Chadi sun kusa dubu biyu, mutane kuwa ba su kai hamsin ba.

Akwai wata hanyar bayan shan ruwa, kuma ita ta fi jan hankalina. A ƙarshen rani, idan ruwa ya ja baya ya bar tafkuna a gefen kogi, gari kan fita su. Ana feɗe kifi a bakin ruwa don banda da shanya, ana watsar da hanji, karnuka na tsaye suna jira. Ƙananan kifaye suna cin ƙwaron nan mai ɗauke da 'ya'yan kurkunu, don haka ɗanyen hanjin kifi na iya kai su cikin kare. An kuma sami 'ya'yan tsutsar a jikin kwaɗi a Chadi. Wannan ne ya sa ake ganin ɗaiɗaikun mutanen da ke kamuwa ma wataƙila kifin da bai gasu ba ne ya ja musu. Daga baya an ga kurkunu a karnukan Mali da Angola da arewacin Kamaru, a kyanwoyi, har da gwaggon biri a yankin Gambela na Habasha.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kogin Shari da na Lagon suna haɗuwa a Injamena, daura da garin Kuseri na Kamaru, su zuba a Tafkin Chadi, inda masuntanmu da 'yan kasuwar banda ke kai da kawo, wasu da karnukansu. Mafarauta ma kan yi nisa da garken karnuka a rani. Kare ɗaya da ya ci hanjin kifi a can, ya dawo lafiya lau a ido, ya isa ya zuba 'ya'yan tsutsa a kududdufin wani ƙauye bayan shekara guda, a wurin da an daɗe da daina tace ruwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke riƙon kare. Yana gadin gida, yana bin garke, yana kamo zomo, amma da yawanmu ba ma duba jikinsa, ba ma ajiye masa ruwa, abincinsa kuma abin da ya tsinta. Wanda ya bar kare da ƙishirwa shi ya tura shi tafki. A ƙauyukan gaɓar Shari abin da ake yi ba shi da wuyar fahimta: a binne hanjin kifi ko a ƙona shi, a ba kare dafaffen abinci da ruwa mai tsabta a kasko, a zuba maganin Abate a tafkunan da ake zargi don ya kashe ƙwaron. Karen da aka ga bororo ko zare a jikinsa a ɗaure shi a inuwa har tsutsar ta gama fita, kuma ana ba mai shi lada idan ya kai rahoto. Tun daga 2020 har lafiyayyun karnuka ake ɗaurewa a watannin da cutar ta fi yawa, kuma adadin masu kamuwa ya faɗi daga kusan dubu biyu zuwa 'yan ɗaruruwa.

Idan ka ga karenka yana ɗingishi, yana yawan lasar waje ɗaya a ƙafa, ka ɗaga ƙafar ka duba tsakanin yatsu da bayan dunduniya. In ka ga farin zare, kada ka fizge shi, tsinkewarsa a ciki kumburi ne da mugunya. Ka ɗaure karen nesa da tafki, ka sanar da ma'aikacin lafiya ko malamin dabbobi mafi kusa a ranar.