Rediyon amateur (na masu sadarwa don sha'awa) na aika saƙo amma ya kurumce: tambayoyi kan gyara

Ina magana ana ji na, ni kuwa sai shuuu. Me ya lalace?

Bakin ɓangaren karɓa ne, wato kayan da ke tsakanin eriya da mikisa (sashen da ke sauya mitar siginar da ta shigo). An yi su ne don sigina mai rauni ƙwarai: mikrobolt 50 kacal ke kai allurar ƙarfin sigina maki S9 a zangon HF (gajeren zango). A karkarar Gumel ko Ringim, inda doguwar waya ke rataye a fili, abu uku ke ƙona su: tsawa da damina ko da ba ta faɗo a kan eriyar ba, cajin da busasshiyar iskar hunturu ke tarawa a waya, sai wani rediyon da ke aikawa da wat 100 a eriyar da ke maƙwabtaka.

Kafin in kwance, me zan gwada?

Kama zangon megahaz 7 da dare, ka cire wayar eriya ka mayar. In ƙara ba ta ƙaru ba, lallai akwai matsala. Sai ka bi zangunan ɗaya bayan ɗaya. Zango guda ne ya mutu? Diyod ɗin PIN (nau'in diyod mai aikin makunni) da ke buɗe matatar wannan zangon ne abin zargi. In duka ne, laifin na kayan da suke tarayya a kai: rile (makunnin da ke sauya eriya tsakanin aikawa da karɓa), diyod biyu na kariya, ko ɗan ƙwan fitilar da wasu tsofaffin rediyoyi ke amfani da shi a matsayin fiyus. In sai ka kunna firi'am (mai ƙara ƙarfin siginar da ke shigowa) yake kurumcewa, taransistansa ne, irin su J310 ko 2SK125. In ji ya kan dawo bayan ka danna PTT (maɓallin magana) sau uku ko huɗu, bakin rile ne ya yi datti, ba ƙuna ba ce.

Yaya ake auna diyod ɗin?

Cire batir. Ɗaga ƙafa ɗaya ta diyod ɗin daga allon rediyon kafin ka sa masa mitar awo, domin awo a kan allo yaudara yake yi. Diyod na silikon mai lafiya zai nuna bolt 0.6 zuwa 0.7 ta gefe ɗaya, ɗaya gefen shiru. Wanda ya nuna kusan sifiri ta ko'ina ya haɗe, shi ke zubar da siginar ƙasa. In na kariya ne, canza su biyun tare.

Diyod 1N4148 da ake samu a Sabon Gari zai yi?

A gurbin na kariya, yawanci zai yi. A gurbin PIN kuwa a'a: rediyon zai ji, amma manyan tashoshi za su riƙa cakuɗewa da juna. Nemo lambar da ke cikin littafin gyaran rediyon. Kuma in wutar janareta kake amfani da ita, zare ƙarfen dalma daga soket kafin ya taɓa FET (irin taransistan firi'am), saboda wutar da ke yoyo ta bakinsa ta isa kashe sabon.

Kada ya sake fa?

Saka rizista mai megohm 1 tsakanin wayar eriya da ƙarfen da ka binne a ƙasa, don caji ya riƙa tsiyayewa. Wannan ba ya tare aradu. Da hadari ya taso daga gabas, zare wayar eriya gaba ɗaya, ka ajiye bakinta a wajen ɗaki.