Ba shayarwa ce ke zubar da nono ba

An daɗe ana tsorata mata cewa shayarwa ce ke zubar da nono, har wasu kan yaye jariri tun lokaci bai yi ba. Abin takaici ne ƙwarai. Binciken da likitan tiyata Brian Rinker na Jami'ar Kentucky a Amurka ya wallafa a 2008 ya wanke shayarwa daga wannan zargi. Juna biyu ne ke kumbura nono, fata ta saki, ko an shayar ko ba a shayar ba. Yawan haihuwa, shekaru, ƙiba da shan taba su ƙara nasu. Tiyatar ɗaga nono kuwa, rarar fatar ake yankewa, a mayar da kan nonon sama. Ba ta ƙara girma, kuma tana barin tabo.