Laburare, libreri, biblioteki: wai wanne ake nufi ne?

Tun da aka koma lakkol bana kalmar nan laburare ta cika mana kunne, a rediyo, a guruf ɗin iyayen yara na WhatsApp, har wajen taron bada kyaututtuka sai ka ji mai jawabi ya ce "za mu buɗe ma ɗiyanmu laburare". To madalla. Amma jiya na ji wani mai gabatar da shiri yana tallar shagon da ake saida kaye da bik da littattafan CM2, ajin ƙarshe na firamare, yana ce mishi laburare, nan ne na ce a'a, bari in yi magana.

Mu nan Maradi muna tsakanin harsuna biyu na Turawa, Faransanci a lakkol, Ingilishi kuma yana shigo mana ta Jibiya da Katsina da gidajen rediyon Najeriya. Laburare kalmar 'yan uwanmu ce na can, kuma wurin da ake ARON littafi take nufi, ka ɗauka ka karanta ka maido. Libreri kuwa da muka koya wajen mushe, malamin lakkol, shago ne, ka biya kuɗi ka tafi da abinka. Kalmomin sun yi kama don uwarsu ɗaya, Latin, inda liber ke nufin ɓawon ciki na icce wanda mutanen da suke rubutu a kai, daga baya ya koma sunan littafi. Su kansu Faransawa da can libreri suke ce ma ɗakin ajiye littattafai, a lokacin ne Ingilishi ya ara, sai daga baya su suka bar ma 'yan kasuwa kalmar suka ɗauko biblioteki. Kenan abin da Bakatsine ke kira laburare shi ne biblioteki namu.

Ita biblioteki ɗin ita na fi son mu tsaya kanta. Daga Girkanci take, gaɓa biyu. Biblion littafi kenan, kuma ana danganta sunan da Biblos, wani gari na bakin teku a ƙasar Lubnan ta yau da ake kira Jubail, ta nan ne takardar papirus ta Misira ke bi ta isa hannun Girkawa har suka sa ma takardar sunan garin. Gaɓa ta biyu teke, ma'anarta akwati ko ma'aji, ita ce ma ke cikin asalin kalmar butik da muke ce ma shagon unguwa. Wato fassararta kai tsaye akwatin littattafai. Kuma wallahi abin da ke ci mini rai shi ne a makarantunmu da yawa ma'anar ta tsaya nan cak, akwati. Na koyar a wata firamare a bayan gari inda wata ƙungiya ta kawo kwalaye na littattafan hikaya masu hotuna, aka yi buki aka ɗauki hoto, sannan aka zuba su a akwatin ƙarfe a ofishin darakta aka sa kwaɗo, don yana tsoron ranar da insfekta zai zo ƙidaya a ce guda biyar sun ɓace ko sun yage. Ban ga laifinshi shi kaɗai ba, haka aka saba auna shi, da yawan abin da ke cikin akwati. Shekara biyu na yi a wurin, gara ta ci na ƙasa, na sama suna nan sabbi fil da ƙamshinsu, kuma a rahoton ƙarshen shekara an rubuta makarantar tana da biblioteki.

Littafin yara in bai yi dauɗa ba, gefenshi bai naɗe ba, to ba a karanta shi ba. Ni a wurina abin da ke maida tarin littattafai ya zama laburare shi ne kayen aro, wanda aka rubuta sunan yaro da ranar ɗauka da ranar maidowa. Ko malamanmu na zaure sun san wannan tun da, almajiri ya ari littafi cikin gafaka ya kwafa da hannu ya maido. Sanarwar UNESCO ta 1999 kan laburaren makaranta ma ta ce hidimar ta zama kyauta ga kowane ɗalibi, babu batun saye.

Sai kuma ɗakin karatu, wanda wasu ke fassara biblioteki da shi. Nan ma akwai ruɗu, domin a bakin 'yan jaridarmu ɗakin karatu aji ne. Tun bayan gobarar Nuwamba 2021 da ta cinye azuzuwan zana a garin nan, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kullum maganar gina ɗakunan karatu ake, kuma azuzuwa na bulo ake nufi. Saboda haka in ɗan siyasa ya ce an gina ɗakunan karatu kaza a tambaye shi, aji ko wurin aro? Rabon littafin lissafi ɗaya ga yara ukku shi ma ba laburare ba ne, kayan aiki ne na aji.

Ga 'yan COGES, kwamitin kula da makaranta, masu zama rubuta tsarin aikin shekara, don Allah in kun sa layin biblioteki kar ya tsaya a siminti da kwano. Ku rubuta wa zai riƙe makulli, wace rana ake aro, minti nawa malami zai karanta ma yara labari da babbar murya, da jika nawa aka ware don maye waɗanda za su yage, domin za su yage. Tunda kundin mulkin Nijar na 2025 ya maida Hausa harshen ƙasa, a sa na Hausa da yawa, yaron CP, ɗan aji biyu na firamare, ya koma gida da littafin da kakarshi za ta gane in ya karanta mata.