Tura kod zuwa wata kwamfuta ta yi aiki da shi: amsar tambayoyinku

Ku masu koyon Python a nan Bauchi, musamman 'yan ATBU masu furojet, tambayoyin nan sun ishe ni, ga amsa gaba ɗaya.

Da gaske ana iya tura fankshin ta intanet wata kwamfuta ta gudanar da shi?

Ana iyawa. Haka laburare irin su Dask da Ray da PySpark suke raba wa injina aiki.

To pickle bai wadatar ba?

A'a. Pickle, wato hanyar Python ta naɗe abu don a adana shi ko a tura shi, sunan fankshin da na fayil ɗin da yake ciki kawai yake ɗauka, kamar ka aika wa mutum sunan miya ba kayan miya. In babu fayil ɗin a can, shi ke nan. Lambda kuwa, wato fankshin mara suna, ƙin karɓarsa ma yake yi.

Malam, na sa cloudpickle, a laftof ɗina lafiya lau, a saba (kwamfutar can da za ta yi aikin) ya ƙi, me ya faru?

Nan ne sai an bi a hankali don ba dalili ɗaya ba ne. Shi cloudpickle, laburaren da ya faɗaɗa aikin pickle, yana naɗe jikin fankshin ɗin da ka rubuta a babban fayil ɗinka ko a Jupyter, har da abubuwan da ya jingina da su, amma laburare irin su numpy ba ya kwasar su, sunansu kawai yake turawa, sai in an girka su a sabar. Ka fara duba wannan. In ba shi ba ne to ƙila sigar Python ce, kai kana kan 3.12 sabar tana kan 3.9, masu cloudpickle da kansu sun ce sai siga ta zo ɗaya. Wani lokacin kuma fankshin ɗin ne ke riƙe da abin da ba ya tafiya, kamar haɗin da ka buɗe da database, wannan a can za ka buɗe sabo. Kwantar da hankalinka, yawanci cikin ukun nan ne, in ya ci gaba da gardama ni dai Docker nake bi, wato abin da ke haɗa kod da Python da laburarensa wuri ɗaya su tafi tare.

Zan iya karɓar pickle daga kowa?

Haba ɗan'uwa! Buɗe shi kaɗai na iya gudanar da duk umarnin da mai turowa ya cusa, kafin ka duba komai. Log4Shell, giɓin tsaron da ya bayyana a Disambar 2021, shi ma ta hanyar jawo kod daga nesa aka riƙa shiga sabobin Java da shi. Mai turowa ya sa hannu da hmac, wato hatimi da makullin sirrin da kuka sani ku biyu, ka tantance kafin ka buɗe.

Bayanai kawai zan tura fa?

To me ya haɗa ka da duk wannan? Yi amfani da JSON, tsarin rubuta bayanai zalla ba kod.