Annobar korona da kayan gadon Kabawa: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa cuta da al'ada?

Taro ne ya haɗa su. Yawancin abin da Kebbi take tinƙaho da shi ba a cikin akwatin gilashi yake ba, sai jama'a sun haɗu yake samuwa: kamun kifin Argungu, Rigata ta Yawuri, Uhola ta Zuru, hawan Sallah a masarautu. Ita kuwa korona, abin da likitoci suka fara hanawa a kanta shi ne cunkoso. Da aka ce kowa ya ba da tazara, makaɗi da ɗan kokawa da masunci duk sana'arsu ta tsaya cik.

Amma ai an yi bikin Argungu a 2020?

An yi shi, da ƙyar ya sha. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka yi bikin a tsakiyar Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, kuma kafin watan ya ƙare an sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja. Wannan shi ne karo na farko bayan kimanin shekara goma ba a shiga kogin Matan Fada da sunan biki ba. Mutane suka ce to, ga shi ya farfaɗo. Sai annoba ta sake danne shi, shekarar da ta biyo baya ba a yi ba.

To idan an tsallake wasu shekaru, me aka rasa? Kogin ai yana nan.

Kogin yana nan, amma hannu yana mantuwa. Ku dubi masunci a ranar kamu: gora a ƙarƙashin ƙirjinsa tana ɗauke da shi a kan ruwa, koma a hannu, yana jiran alamar shiga tare da dubban 'yan'uwansa. Yadda zai nutsa ya lalubo giwan ruwa, yadda zai riƙe ta kada ta kuɓuce, ba a littafi ya karanta ba, a gefen ubansa ya koya. Haka wasannin kabanci, su tseren kwalekwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Haka aikin Sarkin Ruwa, wanda sai ya ba da izini ake shiga. Yaron da ya taso cikin shekarun da ba a biki bai ga komai daga ciki ba.

Ga kuma abin da ya fi ciwo: cutar ta fi kada tsofaffi, su ne kuwa masu riƙe da kirarin sarakuna da tarihin gidaje a ka. Lokacin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, wannan sani da ke wurin mutane ta karrama.

Gidan tarihin Kanta fa?

Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce da ke Argungu, a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi, da masu da takubba da kwari da baka da tambura a ciki. Matsalarsa daban ce. Tsohon gini kullum yana son hannu, a duba tsaga kafin damina, a kori gara, a kakkaɓe ƙura daga kayan fata da itace. In baƙi sun ɗauke ƙafa, makarantu a rufe, ɗalibai ba sa zuwa yawon buɗe ido, hankalin hukuma ma sai ya kau. Damina kuwa ba ruwanta da dokar kulle. A 2020 ɗin ce ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, kuɗin gwamnati ya karkata ga cuta da agaji.

Ke nan laifin korona ne duka?

A'a, kuma a nan nake saɓa wa masu jingina mata komai. Bikin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, ya riga ya yi dogon barci tun kafin a ji sunan korona. Rashin tsaro da ƙarancin ruwa a kogin da dogaro da aljihun gwamnati sun daɗe suna cin sa. Rauni annoba ta tarar, ta ƙara fama shi.

Ba za a iya mayar da abin intanet ba, yadda gidajen tarihin Turai suka yi?

Wani ɓangare zai yiwu. A ɗauki hoton kowane kaya a rubuta asalinsa, a zauna da dattawa a naɗi muryarsu da Kabanci tsantsa, wayar hannu ma ta isa wannan aiki. Amma bidiyo ba ya koya wa yaro nutso, ba ya kuma sayen abincin mai tuwo ko tabarmar mai saƙa da ke jiran kasuwar biki.

Idan wata annobar ta zo, me ya kamata a yi?

A raba biki da koyo. Ko an hana babban taro, masarautar Argungu za ta iya barin ƙananan wasannin ruwa su ci gaba ƙauye-ƙauye da mutane kaɗan, a sararin Allah inda iska ke kaɗawa. A ware wa gidan tarihi kuɗin gyara na shekara-shekara wanda bai dogara da kuɗin shiga ba. Naɗar muryar dattawa kuma a fara ta yanzu, tun da sauran lafiya.